Faɗuwar Wani Tashin Wani: Ina Matsayin Ribar Mai Janwe?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya hore wa bayinsa abin hawa a tudu da ruwa, Ya kuma sanya waɗansunsu suna bukatar waɗansu domin zaman duniya ya daidaita. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har ya zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, a cikin sana'o'in da zamani ya zo da su akwai wata wadda kasuwarta ba ta ci sai ranar da wani ya shiga uku, watau sana'ar mai motar janwe, wanda aikinsa shi ne ya jawo motar da ta mace a hanya, ko ya tsamo wadda ta afka rami, ko ya tayar da wadda ta kife. Manomi yana murna da saukar ruwa, kowa yana taya shi murna. Tela yana murna da gabatowar Salla, gari duka yana murna tare da shi. Amma shi mai janwe, sa'ad da wayarsa ta yi ƙara da tsakar dare, to, lalle akwai wani bawan Allah can a bakin daji yana salati, dukiyarsa tana kwance a gefen kwalta, watakila ma da jini a ƙasa. Abincin iyalin wannan yana fitowa ne daga hasarar wancan. Hausawa sun ce faɗuwar wani tashin wani, ba kuwa don yabo suka faɗi maganar ba. Saboda haka tambayar da ta kamata ita ce, shin ya halatta Musulmi ya kafa neman arzikinsa a kan irin wannan, har ya tsara shi yadda zai ba da riba? In kuwa ya halatta, ina iyakar da in an ƙetare ta ribar za ta koma cin dukiyar mutane da ɓarna?

Bukatar jama'a ga wannan aiki

Ita motar janwe ba tsohuwa ba ce. Wani bakanike mai suna Ernest Holmes ne ya ƙera ta a shekarar 1916 a garin Chattanooga na ƙasar Amurka, bayan ya sha wahalar tsamo wata mota daga rafi da igiya da ƙarfin mutane. Amma bukatar da ta haife ta ta girme ta nesa. Tun zamanin da fatake ke bin hanyar Gwanja fataucin goro, in jaki ya faɗi da kaya a mawuyacin wuri, 'yan ayari ne ke taruwa su tashe shi, in kuwa an iso bakin Kwara sai a nemi masu fito, a biya su kuɗin fito, ba a taɓa jin malamin da ya ce kuɗin nan haram ne don dai matafiyi ba shi da wata hanyar ƙetarewa ba. Abin da ya sake yau shi ne nauyin dabbar. Tirela mai ɗauke da buhu 600 na siminti in ta kwanta a Hawan Kibo, ko gingimari in ta saki hanya a dajin Falgore, ko da mutanen ƙauye goma suka taru kafaɗarsu ba ta ɗaga ta. Sai an kawo ƙarfe ya ɗaga ƙarfe.

Kuma barin irin wannan mota a inda ta faɗi cuta ce ga kowa. Duk mai tafiyar dare a hanyar Kaduna zuwa Kano ya san tsoron babbar motar da ta lalace a tsakiyar titi ba fitila, ba wata alama sai 'yan ganyayen da yaran mota suka zuba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 kimanin mutum miliyan 1 da dubu 190 ne ke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya a duniya. A Nijeriya an kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya a 1988, kuma kawar da abin da ya tare babbar hanya yana cikin ayyukan da doka ta ɗora mata. Mutanen arewa kuma ba za su manta da garin Majiya na Jihar Jigawa ba, inda a watan Oktoba na 2024 tankar man fetur ta kife, jama'a suka taru kwasar mai, wuta ta tashi ta ci rayuka fiye da 150. Bayan wata uku, a Janairun 2025, irin wannan ta sake faruwa a mararrabar Dikko ta Jihar Neja, mutum fiye da 80 suka rasu. Motar da ta faɗi, matuƙar tana kwance, musiba ta biyu tana jiran lokacinta.

Shari'a kuwa ta girmama wannan aiki tun kafin a san mota. Ya tabbata a hadisi cewa kawar da abin cutarwa daga hanya reshe ne daga rassan imani. Ya kuma tabbata a Buhari da Muslim, daga Abu Huraira, Allah Ya yarda da shi, cewa taimakon mutum a kan dabbarsa, a ɗora shi a kanta ko a ɗaga masa kayansa, sadaka ce. Imam Gazali ya lissafa sana'o'in da jama'a ba ta wadatuwa ga barinsu, kamar aikin likita da noma da saƙa, a cikin farillan kifaya, watau waɗanda in wani ya tsaya da su sauran sun huta, in kowa ya bari duka sun yi laifi. A kan wannan ma'auni, ƙasar da ke da manyan hanyoyi da manyan motoci dole ne a sami waɗanda suka tanadi kayan tsamo su. Ke nan asalin sana'ar abin yabo ne. Mai janwe ɗan'uwan mai ɗori ne, wanda shi ma ba a nemansa sai an karye, ba kuwa shi ya karya ƙafar ba.

Halaccin karɓar lada

Wani zai ce, to, tun da aikin sadaka ne, me ya sa ba za a yi shi don Allah ba? Amsa ita ce, kasancewar aiki na alheri ba ya hana a biya mai yinsa. A cikin Suratul Ƙasas an ba da labarin Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya shayar da dabbobin mata biyu a rijiyar Madyana bai nemi kome ba, sa'an nan mahaifinsu ya aika a kira shi domin ya biya shi ladan shayarwar, daga bisani kuma ya yi wa dattijon aikin ƙodago na shekaru. A cikin Suratu Yusuf an yi shelar kayan raƙumi guda ga duk wanda ya kawo ma'aunin sarki da ya ɓace, wannan kuwa yana cikin dalilan da malamai suka kafa a kan halaccin ji'ala.

Fiƙihu ya san hanya biyu da irin wannan aiki zai bi. Ta farko ijara, watau a yi jinga a kan aiki sananne da lada sananne, kamar a ce za a jawo ƙaramar mota daga Kwanar Dangora zuwa gareji kaza a Kano a kan kuɗi kaza. Ta biyu ji'ala, watau a ce wa mutum in ya fito da motar nan daga kwari yana da kaza, ba a san ko aikin zai ci sa'a ɗaya ko kwana biyu ba. A mazhabar Imam Malik, kamar yadda yake a Risala ta Ibn Abi Zaid, mai ji'ala ba shi da kome sai ya kammala aikin, haka nan mai jirgin ruwa ba shi da kuɗin jirgi sai ya isar da kaya. Saboda haka wanda ya tsinke waya sau biyu, ya gaji ya naɗe sarƙarsa ya tafi, motar tana nan inda take, ba shi da hakkin ya riƙe abin da aka yi masa alkawari. Sai dai in ya jawo ta rabin hawa, mai motar ya ɗauko wani ya ƙarasa a kan abin da na farko ya fara, to, na farko yana da rabonsa gwargwadon aikin da aka amfana da shi. A duka hanyoyin biyu sharaɗi guda ba ya faɗuwa: a san ladan tun kafin a ɗaura ƙugiya. Maganar nan ta “bari mu fito da ita tukuna, ba za mu ɓata ba” ita ce ƙofar yawancin rigimar da ake yi a bakin titi, shari'a kuwa ta hana jahiltar lada ne domin ta rufe wannan ƙofa.

Ya kamata kuma a yi wa mai janwe adalci wajen lissafi. Mai mota yana ganin aikin sa'a biyu ne kawai, ya ji kuɗin ya yi masa yawa. Abin da bai gani ba shi ne kwanakin da janwe ta yi a ajiye ba kira, alhali direba da yaransa suna cin abinci, ga kuɗin man dizal zuwa da dawowa, ga taya da waya da sarƙa masu cinyewa, ga takardun mota da inshora, ga haɗarin tsayawa a kan titi da dare, ga uwa uba dukiyar da aka zuba aka sayi motar. Wanda aka tsamo yau yana biyan wani yanki na wannan zaman jira, domin ba don an yi jiran ba da bai sami mai zuwa ba. In aka hana sana'ar riba, masu ita za su sayar da motocinsu su koma wani nema, matafiyi ya kwana a daji. Riba a nan ita ce ke raya farillar kifaya.

Yardar wanda ruwa ya ci

Wurin da maganar ta yi zurfi shi ne batun yarda. Alƙur'ani mai girma ya ɗora halaccin ciniki a kan yardar juna. To, amma wace irin yarda ce ke ga mutumin da motarsa ta mace bayan magariba, a hanyar da ake tsoron 'yan fashi da masu satar mutane, ga matarsa da 'ya'yansa a ciki, janwe kuwa guda ɗaya ce ta zo? A kasuwa mai saye yana tayawa, in bai yi masa ba ya wuce rumfa ta gaba. Wannan ba shi da rumfa ta gaba. Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama. Bakinsa zai ce ya yarda, amma tsoro ne ya yi magana da bakinsa. Abu Dawuda ya ruwaito hani ga cinikin wanda ya matsu daga Sayyidina Aliyu, Allah Ya yarda da shi, kuma ko da yake malaman hadisi sun yi magana a kan isnadinsa, malaman fiƙihu sun ƙi a tsawwala wa matsattse farashi saboda matsuwarsa. Abin da ya fi wannan ƙarfi shi ne hadisin Buhari game da mutumin da ke da rarar ruwa a hanya ya hana matafiyi, wanda aka lissafa shi cikin mutum uku da Allah ba zai dube su da rahama ba ranar ƙiyama.

Shaihu Halilu, a cikin Muhtasar ɗinsa da almajiran ƙasar Hausa suka daɗe suna karantawa a zaure, ya kawo hukuncin da ya zauna daidai a kan wannan mas'ala. Ya nuna cewa wanda ke da ikon kuɓutar da rai ko dukiyar da ke shirin halaka, ya ƙi, to, ramuwa tana hawa kansa. Ya ba da misali da wanda ya hana zaren da za a ɗinke mummunan rauni, da wanda ya hana rarar abinci ko abin sha ga wanda ya matsu, da wanda ya hana itacen da za a tokare bango har bangon ya faɗi. Sa'an nan ya ce mai bayarwar yana da kuɗin abinsa in akwai shi a wurin mabukacin. A cikin wannan hukunci akwai abu biyu a haɗe. Taimakon wajibi ne, ba a rataya shi a kan ciniki ba. Kuɗin kuma hakki ne, ba a ce ya yi kyauta dole ga mai hali ba. Kuɗin da ake nufi kuwa shi ne abin da malamai ke kira ladan misali, watau abin da aka saba biya a kan irin wannan aiki a irin wannan wuri.

Daga nan ake samun ma'aunin da mai janwe zai auna kansa da shi. Ladan yana iya hawa saboda nisan tafiya, da nauyin mota, da zurfin ramin, da aikin dare, da haɗarin wurin, domin duk waɗannan ƙarin wahala ne da ƙarin kashe kuɗi a kansa. Amma bai halatta ya hau saboda ya ga idon mai motar ya raina fata ba, ko ya ji yara suna kuka, ko ya lura baƙo ne bai san farashin gari ba, ko ya hangi tumatir ne a motar zai ruɓe kafin gobe. Na farko kuɗin gumi ne. Na biyu kuɗin tsoron ɗan'uwansa ne ya sa a mudu ya auna. Hanya mai sauƙi ta gane bambancin ita ce mutum ya tambayi kansa: da a ce akwai janwe uku a tsaye a nan, nawa zan faɗa? Abin da ya ɗora a kan wannan saboda shi kaɗai ne, shi ne abin tuhuma.

Akwai masu kafa hujja da hadisin Abu Sa'idil Hudri, inda waɗansu sahabbai suka sauka a wata ƙabila, kunama ta harbi shugabanta, suka ce ba za su yi masa tofi ba sai an ba su garken tumaki, Annabi, Sallallahu Alaihi Wasallama, kuwa ya tabbatar musu da abin da suka karɓa. Hadisin ingantacce ne, yana kuma nuna halaccin lada a kan ceto. Amma wanda ya karanta shi duka zai ga mutanen nan sun fara hana sahabbai hakkin baƙunta, wanda aka yi wa maganin kuma shugaba ne mawadaci, sa'an nan ba a karɓi tumakin ba sai da ya warke. Wanda ya ɗauki garken ya bar waɗannan dalilai bai yi wa hadisin adalci ba.

Waɗansu kuma suna cewa ai Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, ya ƙi ya ƙayyade farashi a Madina lokacin da kaya suka yi tsada, kamar yadda Anas ya ruwaito, saboda haka kowa ya faɗi kuɗin da ya ga dama. Wannan ya faru ne a kasuwa buɗaɗɗiya, inda tsada ta zo daga ƙarancin kaya ba daga makircin 'yan kasuwa ba. Ibn Taimiyya da almajirinsa Ibnul Ƙayyim sun bayyana cewa in jama'a suka bukaci aikin masu wata sana'a, su kuma suka ƙi yi sai da abin da ya wuce ƙima, hukuma tana da ikon ta tsayar da su a kan ladan misali. Ibn Habib, daga malaman Malikiyya na Andalus, har ya faɗi yadda za a yi: shugaba ya tara manyan kasuwar da waɗansu amintattu daga waje, ya binciki yadda suke saye da sayarwa, a tsayar da farashin da zai bar musu riba bai kuma cuci jama'a ba. Da ƙungiyoyin masu janwe za su zauna da hukuma su tsara kuɗin kowace kilomita da na kowane nauyin mota, a rubuta a jikin janwe inda kowa zai gani, da an huta da rantse-rantse a bakin titi.

In kuwa akwai rai a cikin haɗari, kamar mutum ya maƙale a ƙarƙashin mota, to, babu maganar jinga sam. A fara ɗaga ƙarfen. Ko dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ya ƙi karɓar mai bukatar taimakon gaggawa, balle shari'ar da ta daidaita ceton rai guda da ceton mutane baki ɗaya. Haka nan talakan direban da kuɗinsa suka gaza, motarsa kuwa tana tsakiyar titi, mafi ƙarancin abin da ke kan mai janwe shi ne ya kawar da ita gefe inda ba za ta kashe wani ba, maganar kai ta gari kuma a yi ta daga baya.

Mota a kan ƙugiya amana ce

Daga lokacin da aka ɗaura wa mota sarƙa ta zama amana a hannun mai janwe. Ƙa'idar malamai ita ce, wanda aka ɗauka ɗaukar kaya amintacce ne, ba ya biyan abin da ya lalace sai in ya ƙetare iyaka ko ya yi sakaci. To, rashin sanin aiki ga wanda ya kafa kansa a matsayin gwani sakaci ne. Misali, mota mai giya atomatik in aka ja ta tafiya mai nisa, tayoyin da injin ke juyawa suna ƙasa, giyar tana iya ƙonewa, domin famfon da ke zagaya da man giya ba ya aiki in injin a kashe yake. Irin wannan sai a ɗaga waɗannan tayoyi, ko a ɗora ta gaba ɗaya a bayan janwe mai shimfiɗa. Wanda ya san haka ya ja ta don gudun wahala, ko ya maƙala ƙugiya a inda ba wurinta ba ya yage gaban mota, ramuwa ta hau kansa. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Abin da ke cikin motar ma amana ne: batir, da safayar taya, da jak, da man da ke tanki, da kayan fasinja da suka watse. Ba tsintuwa ba ne, domin mai su sananne ne ko da yana kwance a asibiti, in ya rasu kuwa sun zama na magada, cikinsu watakila da marayu. Maigidan janwe shi ke da alhakin tarbiyyar yaransa a kan wannan, hanyar farko kuwa ita ce ya biya su hakkinsu a kan kari, don yaron da aka bari da yunwa a gaban kayan mutane an jefa shi cikin fitina.

Sau da yawa akan ɗauke mota mai ita ba ya cikin hayyacinsa, ba a yi jinga da kowa ba. Malaman Malikiyya sun ce wanda sana'arsa ce nemo wa mutane abin da ya ɓace, in ya kawo shi ba tare da an yi masa alkawari ba, yana da ladan misali, wanda kuwa ba sana'arsa ba ce sai a mayar masa da abin da ya kashe. In aka yi ƙiyasi a kan wannan, mai janwe yana da ladan da aka saba, ba abin da ya ga dama ya rubuta ba. Malamai da yawa sun yarda ma'aikaci ya riƙe kaya har a biya shi, amma riƙewa ba ta ba shi izinin hawa motar ko cire mata wani abu, kuɗin ajiya kuma sai wanda aka sanar tun farko. Ɓoye wa mutum inda motarsa take domin kwanaki su taru, kuɗin ajiya ya haura, yaudara ce tsantsa. Motar da mai ita bai zo ba kuwa, ba ta zama ta mai gareji don ta daɗe. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa a zamanin Sayyidina Usmanu an yi umurni a yi cigiyar ɓatattun raƙuma, sa'an nan a sayar, in mai su ya zo a ba shi kuɗinsu. Hukuma ce ta yi wannan, ba wanda ya tsinci raƙumin ba.

La'ada da hannun hukuma

Akwai wata ɓaraka da ke shigowa ta wajen la'ada. In mai janwe ya shirya da wani bakanike cewa duk motar da ya kai masa yana da kaso, sa'an nan ya ce wa mai mota babu gwani sai wane, alhali kason ne ya sa shi faɗi, to, ya ci amanar wanda ya nemi shawararsa, kuɗin kuma a ƙarshe daga aljihun mai motar za su fito. Dillanci halal ne in an bayyana shi. Wadda ta fi wannan muni ita ce a haɗa baki da ma'aikacin hukuma, ya riƙa kiran janwe guda a kan kowane haɗari yana karɓar nasa, ko a ɗauke motar da ba ta tare hanya ba domin a tatsi mai ita. Hukuma tana da ikon ɗauke motar da ta saɓa doka, wannan maslaha ce, amma tarar ta baitulmali ce kuma da rasidi. Annabi, Sallallahu Alaihi Wasallama, ya tsawata wa Ibnul Lutbiyya, ma'aikacin zakka da ya ware wani abu ya ce kyauta aka yi masa, ya nuna cewa da yana zaune a gidan iyayensa da ba wanda zai kawo masa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kuma, a cikin Kitabul Farƙi, ya lissafa kama dabbobin dakon talakawa ba da izininsu ba a cikin zaluncin sarakunan da ya yi wa wa'azi. Dabbar dakon talaka a yau ita ce tasi ɗinsa da a-kori-kurarsa.

Abin da ke cikin zuciya

Saura abu guda wanda alƙali ba ya gani. Mai janwe yana zaune a inuwa a bakin wata muguwar kwana, kwana uku ba aiki, ga kuɗin makarantar yara. Me zuciyarsa ke fata? A nan ne jarrabawar wannan sana'a take, domin Shaiɗan zai raya masa cewa arzikinsa yana cikin kifewar wani. Imani kuwa bai cika ba sai mutum ya so wa ɗan'uwansa abin da yake so wa kansa. Mafita ita ce ya san cewa haɗarin da aka ƙaddara zai faru ko yana nan ko ba ya nan, zamansa a wurin sauƙi ne Allah Ya tanadar wa wanda abin zai faɗa wa. Sai ya roƙi Allah arziki na halal ta inda Ya so, ya roƙa wa matafiya sauka lafiya da zuciya ɗaya, in kira ya zo ya fara da innalillahi kafin lissafi. Alamar gaskiyarsa ita ce, in ya ga rami a kwanar nan da ke kayar da motoci zai kai rahoto a cike shi, in ya ga direba yana shirin hawa da lodin da ya fi ƙarfin motarsa zai gargaɗe shi, ko da yake ya san gyaran zai rage masa ciniki. Wanda ya ji baƙin ciki don an gyara hanya, to, ya binciki zuciyarsa tun kafin a bincike ta.

Shi ma mai mota akwai nasa. Waɗansu sukan yi alkawari da baki mai daɗi suna cikin rami, in mota ta hau kwalta sai murya ta sake, a shiga “ai ba haka muka yi ba”. Ya tabbata a hadisi ƙudusi cewa Allah da kansa zai yi husuma ranar ƙiyama da wanda ya sa ma'aikaci aiki, ya karɓi aikin cikakke, ya hana shi ladansa. Irin wannan hali ne ke sa masu janwe su taurare wa na bayansa. Kuma wanda ya fito da mota ba birki, tayoyi sun suɗe, ya ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta, ya fara neman laifin kansa kafin na wanda ya zo tsamo shi.

Kyakkyawan misali ga kowa yana cikin labarin Jabir ɗan Abdullahi, Allah Ya yarda da su, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito. Raƙuminsa ya gaji a hanyar dawowa daga wata tafiya har ya rage a baya. Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, ya iske shi, ya zaburar da raƙumin ya miƙe, sa'an nan ya taya shi, suka yi ciniki, ya bar shi ya hau har Madina. Da suka isa ya sa Bilal ya auna masa kuɗin har da ƙari, sa'an nan ya mayar masa da raƙumin. Ba a wajabta wa mai janwe ya kai wannan matsayi ba, adalci kawai aka wajabta masa. Amma wanda ya tsayar da adalci kullum, ya kuma riƙa taɓa kyautatawa in ya haɗu da wanda ba shi da shi, to, ya haɗa ribar kasuwa da ladan sadaka a tafiya guda, direbobi kuma su ne za su riƙa miƙa lambarsa daga tasha zuwa tasha.

Allah Ya tsare matafiya, Ya jiƙan waɗanda suka rasu a kan hanyoyi, Ya sanya albarka a cikin neman duk mai neman halal. Amin.